Zanen Zauren Kakanmu

Ko me zan manta a rayuwa, ban da shekarar da na haɗa na'urar yanka farin soso, irin wanda ake cusawa a kwalin firiji.

A goshin zauren gidanmu a Ƙofar Jatau akwai zanen ƙasa da kakanmu ya tayar da hannunsa. Kawu, ƙanen mahaifinmu, shi kaɗai ya rage da ya san yadda layukan suke sarƙewa. Rashin lafiya ta kwantar da shi har rabin zanen ya zaizaye. A shekarar ya ɗan ji ƙarfi, ya ce a yi yaɓe kafin damina, ya mayar da zanen ina kallo.

Ni kuwa, sarkin dabara, na ce a dakata. Zan haɗa na'ura, ya zana mini a kan soso in yanke, a zuba siminti, a huta da yaɓe har abada.

"Kai dai samo makuba a kwaɓa ƙasar yaɓe da ita," in ji Kawu. "Hadari ya fara leƙowa ta gabas."

"Kwana kaɗan ne, Kawu."

Na haɗa katako kamar baka, na ɗaura wayar tsohuwar hita, na jona cajar kwamfuta. Yau wayar ta yi ja ta tsinke, gobe ta narkar da soson, wari ya kori mutan gida, jibi a ɗauke wuta. Kawu yakan zauna a dakali yana duban sama. Wallahi har haushin duban saman nan nasa nake ji.

Ruwan farko ya zo da iska. Da ya ɗauke muka fito, goshin zaure ya zama fili, jar laka na tsiyaya. Kawu ya shafa bangon ya ce, "To, ya bi mai shi. In Allah Ya kai mu rani ma sake."

Bai ga ranin ba.

Bayan rasuwarsa na daidaita zafin wayar. Yanzu tana ratsa soso sumul, sai dai ban san abin da zan yanka ba. Kullum na shiga zauren nan sai na sunkuyar da kai. Tun daga lokacin na gane cewa in dattijo ya ce zo ka gani, ajiye komai ake yi a je. Waya tana jira, shi ba ya jira.