Je Ka Huta

Albaras ya fara fito mini a bayan hannun dama, ɗan fari kamar kunu ya ɗiga ya bushe. Lokacin na daɗe ina aiki a wani babban kemis da ke GRA. Ni ne a gaban kanta, ni ke karɓar takardar likita in miƙa magani. Kafin damina ta zagayo, farin ya hau yatsuna, ya kama gefen bakina. Likita ya ce ba a ɗaukarsa daga jikin wani, kuma ba ya hana aiki. Alhaji mai kemis ya fi ni sanin haka, mutumin da ya tsufa cikin sayar da magani.

Amma mutanen gari ba likitoci ba ne. Na ga mace ta sa gefen mayafi ta karɓi maganin da na miƙa mata. Na ji wani yana raɗa wa ɗan'uwansa kalmar kuturta. Duk wannan bai ci mini rai ba kamar safiyar da na miƙa wa Alhaji hannu, ya dafe ƙirjinsa ya shiga jero gaisuwa, yana tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya, nawa hannun yana miƙe ba wanda ya karɓa. Tun daga ranar gaisuwarsa ta ƙara tsawo.

Wata Alhamis ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo.

"Malam, kana wahala da yawa," in ji shi. "Tsayuwar nan ba ta yi maka. Je ka huta, in jiki ya yi dama mu neme ka."

Jikina ƙalau yake, na sani, shi ma ya sani. Sai dai mu a Katsina, idan babba ya yi maka magana mai taushi, bakinka kan riga tunaninka. Na russuna na ce, "Na gode, Alhaji. Allah shi saka da alheri." Har lemon sai da na shanye.

Wata ya ƙare, albashi bai zo ba. Duk zuwan da na yi, a bakin ƙofa ake tarbata da fara'a a ce in ƙara hutawa. Ta gilashi nake hango wanda aka sa a gurbina, hannunsa sumul.

Matata ce ta matsa mini na je wurin wata lauya a Ƙofar Kwaya. Ta saurare ni tsaf. Ta ce doka ba ta yarda mai wurin aiki ya raba mutum da abincinsa don wata lalura da ba ta hana shi aikin ba, kuma ko sallama za a yi, tana da ƙa'ida. Na ji kamar an sauke mini kaya. Sannan ta ɗauki biro.

"To, da ya kore ka, mi ya ce?"

"Ya ce in je in huta."

"Kai kuma mi ka ce mashi?"

Na faɗa mata. Ta ajiye biron a hankali.

"Malam, ni da kai mun san abin da 'je ka huta' ke nufi. Ba wanda bai sani ba a garin nan. Amma a gaban alƙali, hutu aka ba ka, kai kuma ka yi godiya. Sai dai in akwai wanda ya ji dalilin daga bakinshi."

Akwai. Wani abokin aikina da muka shekara muna cin abinci a kwano ɗaya ya taɓa gaya mini Alhaji ya ce hannuna na korar masu saye. Na same shi a gida, a Ƙofar Guga. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ji abin da ya kawo ni, ya sunkuyar da kai.

"Ka san ina da iyali," ya ce. "Kuma tsakani da Allah, ni ban taɓa jin ya ce ya kore ka ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kasa zaginsa, ko da yake zagin na bakina.

Lauyar ta aika wa Alhaji saƙo duk da haka. Amsa ta dawo cikin ladabi: su ba su kori kowa ba, ƙofa a buɗe take duk ranar da na warke. Shi da ya tsufa cikin magani ya san wannan farin ba ya komawa. A nan maganar ta mutu, ko ƙofar kotu ba mu gani ba. Na zaga wasu kemis ɗin ina neman aiki. Sai a dubi takarduna, a dubi hannun da ke riƙe da su, a ce za a neme ni.

Da zagina Alhaji ya yi, da ya kama rigata ya jefa ni waje a gaban mutane, da ina da abin kai wa alƙali. Da mutunci ya gama da ni, kuma da bakina na sa masa albarka. Wannan ne ke ci mini rai har yau, ban kuma ga ranar da zai daina ba.

Yanzu a ƙofar gida nake wuni. Da yamma ma'aikata kan wuce a kan babura, wasu su tsaya mu gaisa. Sukan ce, "Malam, ina gajiya?" Nakan ce, "Ba gajiya." Da can ƙarya nake yi don ladabi, ƙafafuna na zugi saboda tsayuwa. Yanzu gaskiya nake faɗa musu.