Tata da Saurayin da Ke Cikin Waya

Tata ta Gangara a bori ta tsufa. Tun tana budurwa Ɗan Galadima, iskan nan mai son turare da goro, yake hawa kanta. Da ɗanta Labo ya tsayar da gemu, sai ya tattara rawanin iskan da mahucinsa ya cinna musu wuta a tsakar gida, matan unguwa suna leƙe suna Allah wadai da bori. Tun daga ranar da ƙyar suke amsa gaisuwarta.

Bana jikarta Hamdiya ta dawo daga lakol, wato makarantar boko, ta yi ta lallaɓarta da tambayoyi, sannan ta mai da Ɗan Galadima saurayi a labarin soyayya, tana karantowa daga waya. Matan nan dai su ne ke cika gidan, suna ajiyar zuciya. Har Labo yana alfahari da 'yarsa.

Tata ta ji an ce saurayin ya zo zance ba kiɗa ba kirari. Ta kasa haƙuri.

"Ke Hamdiya, ba ya sauka sai an yi masa goge."

Labo ya juyo a fusace. "Haba Inna, ashe ba ki tuba ba?"

Matan suka ce a ci gaba da karatu.