Yadda Dabo Ya Rasa Famfon Yindiski

Shekara ashirin Dabo mai gyaran keke yana kula da famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu a Yindiski. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. In famfon ya daina kawo ruwa, shi zai rufe rumfarsa ya kwance shi, ya yanko roba daga tsohuwar taya ya gyara. Mata su yi ta sa masa albarka, shi kuwa yana basarwa, alhali daɗi kamar ya kashe shi.

Sai bana ƙaramar hukuma ta ce kowace unguwa ta kafa kwamitin ruwa, ta riƙe famfonta da kanta. Aka turo wani ma'aikaci, Mista Gabriel, sabon zuwa Potiskum, da takarda da biro. Jama'a suka taru a ƙofar mai unguwa, ya tambaya wa suke so ya shugabanci kwamitin. Baki ɗaya aka ce Dabo.

To, a wajenmu in an ba ka girma ba ka yin caraf ka cafke. Ƙi za ka yi, a matsa maka, ka sake ƙi, sai a na uku ka karɓa kana sunkuyar da kai. Saboda haka Dabo ya gyara zama ya ce, "Haba jama'a, wane ni? Ga manya a zaune."

Bawan Allah Gabriel ina ya san wannan? Ya ce, "Baba ya ce ba ya so. Sai wa?" Wani daga baya ya ce Kaumi, da wasa ma ya faɗa. Kafin Kaumi mai wake, maƙwabcin Dabo, ya buɗe baki ya yi tasa ƙiyawar, har an rubuta. Kunya ta hana kowa cewa a goge.

Wallahi tun daga ranar kishi ya kama Dabo. Kaumi fa! Mutumin da ko sarƙar keke bai iya mayarwa ba, shi ake kira ciyaman. Makullin famfo na lilo a wuyansa. Ya je taro a sakatariya ya dawo da wata hula mai hoton ɗigon ruwa, har wajen jana'iza da ita yake zuwa. In ya yi wa Dabo sallama, sai Dabo ya amsa wa tayar da ke hannunsa.

Da zafi ya tsananta famfon ya tsaya. Dabo tun daga ƙarar ya san ciwon: roba ce ta cinye, aikin rabin yini. Ya ce a ransa ba inda za shi, sai ciyaman ya zo da hularsa ya roƙe shi a gaban jama'a.

Kwana huɗu matar Dabo, Halimatu Sadiya, tana ɗauko ruwa daga unguwar Dogo Tebo a Keke Napep. Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah ka je ka gyara."

"Ai suna da ciyaman," in ji shi.

Kaumi kuwa nauyin Dabo yake ji, ya kasa tunkararsa. Sai ya bi abin da aka koya musu a taro, ya kai rahoto sashen ruwa na ƙaramar hukuma. Washegari aka turo wata ma'aikaciya, Msurshima, da akwatin kayan aiki da sabuwar roba a leda.

Dabo ya kasa zama. Ya zo ya tsaya daf da famfon, yana jiran ta kasa a ce ina Dabo. Ko awa ba ta yi ba ruwa ya zubo. Mata suka ɗau guɗa, suna yi wa Kaumi addu'a. Ba wanda ya waiwayi Dabo sai Msurshima, ita ma ba ta san ko wane ne ba.

Ta ce, "Baba, ɗan matsa kaɗan, kada ruwa ya jiƙa maka riga."

Dabo ya matsa.