Kwaɗon Da Na Sa Wa Injin Kawu

Kafin in zama abin da na zama, ni maraya ne da bai san maraici ba. Mahaifina ya rasu ina shekara shida, sai Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa. Yana da injin niƙa a bakin kasuwar garinmu, cikin wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano. Da kuɗin injin nan aka ɗinka mini kayan makaranta, da shi aka biya mini jarrabawa, da shi na yi kwaleji a Bici. Ku matasa nake wa wannan rubutu, don ku san yadda na sāka wa mutumin nan.

Da na gama karatu aiki ya ƙi samuwa, sai na bi 'yan siyasa ina liƙa musu fosta. Allah ya sa suka ci, aka ba ni aikin karɓar haraji a kasuwa a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. A ranar, Kawu har zakara ya yanka. Ya ce mini, "Kuɗin jama'a za ka riƙe, ɗana. Ka ji tsoron Allah." Na ce insha Allahu, kuma wallahi a lokacin da gaske nake.

Abin ya fara ne da naira ɗari biyu. Wani mai awaki ya biya, yana sauri, ya tafi bai tsaya karɓar rasit ba. Na riƙe kuɗin har la'asar ina jiran ya dawo. Bai dawo ba, na sayi tsire.

A makon nan ne kuma ogana ya koya mini ainihin aikin. Muka zo rumfar wani babban ɗan hatsi mai loda motoci zuwa Kano, na buɗe littafi, sai ogan ya dafa hannuna. "Wuce, wannan namu ne." Daga ranar na gane cewa kafin ka dubi kayan mutum, fostar da ke ƙofarsa za ka fara duba. Namu ba sa biya. Waɗanda ba namu ba su biya, in sun yi gardama a ƙara musu tara. Sai na ce wa kaina, tunda masu motoci ba sa ba da ko kwabo kuma ba abin da ya faru, ni mene ne laifina in na ɗan taɓa?

Na shiga mota na je Kano, aka buga mini littafin rasit irin na hukuma sak. Na hukuma a aljihun dama, nawa a na hagu. Na hagun nake yagar wa 'yan adawa da waɗanda ba su yi boko ba, don na san ko sun kai ƙara ba mai sauraronsu.

Kawu bai yi boko ba. Kuma duk kasuwar nan ba wanda ya kai shi son biyan haraji. Wata na kamawa zai kira ni, ya zaro kuɗi duk sun yi fari da gari, ya ƙirga mini yana murmushi, wai shi zai fara biya don kada a ce ɗansa yana ɗaga masa ƙafa. Ni kuwa in sa hannu a aljihun hagu. Ya karɓi takardar ya soke ta a wata ƙusa da ke jikin bango, saman injin. Shekara biyu muna haka. Ina rarrashin zuciyata da cewa ai kuɗin gida ne.

Da zaɓe ya matso, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Kawu ya tare kansilanmu a gaban jama'a. Ya ce, "Ranka ya daɗe, harajin da muke biya ina yake zuwa? Famfon kasuwa ya mutu tun bara, hanya kuma ko jaki tsoronta yake." Mutane suka yi dariya, kansila ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Bayan kwana biyar ogana ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda. Sunayen masu bashin haraji ne, za a rufe musu shaguna. Na karanta daga sama har ƙasa, ban ga namu ko ɗaya ba. Sunan Kawu ne na huɗu, bashin shekara biyu, tunda a littafin hukuma bai taɓa biya ba. Ogan ya ce, "Kawunka ne ko? To kai za ka sa masa kwaɗon da hannunka, mu ga ko kai namu ne."

Magana ɗaya ce za ta fitar da shi: in ce ya biya, ni na ci. Na buɗe baki, sai na tuna gidan yari, na rufe.

Ranar kasuwa muka je, da hantsi. Mata sun jere kwanukan niƙa a layi kamar kullum, kowane an rufe shi da faifai, ga jiƙaƙƙen gero na kunu, ga waken ƙosai. Kawu ya kashe injin. Aka karanta masa takarda. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar nan, ya dube ni, ya dubi aljihuna na hagu. Na ce a raina shi ke nan. Sai kawai ya ce, "A bar mata su ɗauki kwanukansu." Ogan ya ce duk abin da ke ciki hukuma ta kama. Kawu ya karkaɗe rigarsa ya fito, ya ce mini, "Yi aikinka." Na ja ƙofa na danna kwaɗo.

Ragonsa ya sayar ya biya matan kuɗin hatsinsu da kwanukansu. Na ji labarin 'yan adawa sun yi ta binsa, ya bari su fasa ƙofar su kai takardunsa gidan rediyo, ya ƙi. Ni dai na daina bi ta layinsu. Makullin yana aljihuna, kullum ina cewa bayan zaɓe zan buɗe.

Muka faɗi zaɓe. Kafin mako ya zagayo ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu ya sauya sheƙa, ogana ya bi shi. Aka kafa kwamitin bincike, ba a kira ko ɗayansu ba, sai mu da ba mu da kowa. Aka samu littafin rasit ɗina na bogi a ɗakina, alƙali ya ba ni shekara uku. Ban ce an zalunce ni ba, na ci kuɗin. Amma ina ciki na ji an ba sababbin masu karɓar haraji sabuwar takarda, sunayen kawai aka juya.

A shekarata ta biyu aka aiko mini cewa Kawu ya rasu. Na kifa kaina a bango na yi kukan da ban yi wa mahaifina ba.

Ranar da aka sallame ni, gandiroba ya miƙo mini leda da kayan da aka karɓe ranar shigata: hula, mataccen agogo, da makullin nan. Na wuce gidan Kawu kai tsaye, na durƙusa a gaban matarsa, Inna Mairo. Ta tashi ta zubo mini tuwo.

"Ci. Shi ya ce in ka zo kada a yi maka faɗa sai ka ci abinci."

Na ce, "Inna, ai bayan zaɓe an buɗe masa injin ko?"

"Wa zai buɗe? Waɗanda suka ci zaɓe sun zo har da guduma, wai su fasa su ɗauki takardun su kai kotu a ƙara maka shekaru. Ya zauna a bakin ƙofar ya ce wanda ya kulle shi zai buɗe. Ƙwadago ya koma yi a gonakin mutane, da tsufansa, har ya kwanta."

"Ashe ya san takardun na bogi ne?"

"Tun kafin a rufe da wata shida. Wani malamin makaranta ya duba ya faɗa masa. Ya ci gaba da biyanka, wai ko wata rana za ka ji kunya ka daina."

Da ƙyar kwaɗon ya buɗu, sai da na zuba masa mai. Kwanuka goma sha ɗaya suna nan a jere, fayafayan sun ruɓe a kansu. Injin ya yi tsatsa. Ga takarduna a ƙusa, ashirin da huɗu, kowace da sa hannuna.

Na tuba ga Allah, na bi gida gida na nemi gafarar waɗanda na cuta. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, kuma suna da gaskiya. Wanda na fi son in durƙusa wa ba ya nan.

Ku yara masu tasowa, ɗari biyun farko ita ce abin tsoro, ku mayar da ita tun kafin la'asar. In an ce muku wannan namu ne ku wuce, wancan ba namu ba ne ku kulle, ku ajiye littafin ku koma gida, ko da za ku kwana da yunwa. Masu ba ku takardar za su sauya hula su bar ku da makulli a aljihu.

Yanzu na gyara injin, ni nake niƙa, abin da aka samu na Inna ne. Duk wata ina biyan haraji, in duba rasit ɗin da kyau, in soke shi a ƙusar nan. Na Kawu suna ƙasa, ban cire su ba.