Sunan da Ya Rage a Cikin Kwamfuta

Matan unguwarmu ni suka zaɓa in rubuta sunayen masu neman filin noman rani a Watari, saboda na gama sakandare, kuma malamarmu ta ara mini kwamfutarta. Kwana uku ina bin gida-gida. Jami'in da zai karɓi sunayen ranar Talata kawai zai zauna, kuma da la'asar zai tashi.

Malama ta ce in na gama in rufe murfin kawai, kwamfutar za ta yi barci, batir ba zai zube ba. Ranar Talata da safe na kai ta wajen mai caji ta cika. Na dawo gida na duba sunayen, na rufe, nan take na naɗe ta a sabuwar atamfar Inna, yadda muke naɗe duk abu mai daraja. Maus ɗinta, ɗan abin da ake juya kibiyar allo da shi, yana jone, na cusa shi ciki na ɗaure tam. Wayar cajin kuwa a gida na bar ta, tunda ta cika.

Ni da Inna muna kan babur na ji cinyata tana ɗumi. Na ɗauka rana ce.

Da muka isa wajen jami'in na kwance ɗaurin, kwamfutar kamar tukunyar da aka sauke. Na danna, shiru. Na sake dannawa har yatsana ya yi zafi. Inna ta ce, “Ke, lafiya? Ko aljanunta ne suka tashi?” Matan suka yi dariya. Ni kuwa na ɗauke ta na fita neman mai gyara.

Wani mai gyaran waya a bakin hanya ya duba ya ce, “'Yan mata, ai ba ta yi barci ba. In za ta kwanta, sai ta bi kayan da ke jikinta tana kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. In wani ya motsa a daidai lokacin, sai ta fasa, ta tashi kowa. Kin ɗaure mata maus yana ta motsi, kin kuma toshe mata iska.” Ba shi da irin cajarta. Na zaga kasuwar garin ina tambaya har na fara kuka.

Jami'in ya yarda mu rubuta da hannu. Na durƙusa da biro, Inna tana lissafo gidaje daga masallaci zuwa rijiya. Muka miƙa ana kiran la'asar.

Washegari na yi caji na buɗe. Ina gwada sunayen da abin da na tuna mun rubuta, sai na ga suna ɗaya da bai shiga ba: gwaggon da mijinta ya rasu bara, wadda gidanta yake bayan gonakin gero. Ita ce ta ba ni ƙwai biyu ranar da na rubuta ta. Na kira jami'in sau uku, ya ce an riga an wuce da takardu.

Jiya ta tare ni a hanyar rijiya. “'Yata, yaushe za a nuna mana filayen?” Har ta sayi irin albasa. Na ce, “Gwaggo, zan zo gida in same ki.” Yau har na kai bakin ƙofarta na juyo.