Muryar Da Makirfo Ya Ƙi Ɗauka

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, ni abin ya faru da ni, Allah ne shaidata. Shekarun baya ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Ƙofar Kibo. Wata Alhamis bayan azahar wata Hajiya Rabi, ma'aikaciyar gwamnati a Kaduna, ta zo ta ce in bi ta gidansu a Ƙofar Jatau. Mahaifinta malami ne, ya tsufa tukuf, tana so ta naɗi muryarsa yana ba da tarihin gidansu tun yana iya magana, amma wai makirfo ya ƙi aiki.

Na tarar da tsohon a zaure a kan buzu, bakinsa garau. Na duba waya, na duba inda aka soka ta a katin sautin kwamfutar, na ƙara ƙarfi, na ce "gwaji, gwaji", muryata ta fito tar, ta Hajiya ma haka. Tsoho ya yi bismilla ya kama magana ta kusan minti biyar, muka kunna mu ji: ga ƙarar fanka, ga kukan akuya daga cikin gida, ga tarin Hajiya, amma muryarsa babu, ko numfashinsa. Kai! Na sa makirfon da na zo da shi, na jona wani katin sautin ta waje, na kai abin dab da bakinsa, duk kanwar ja ce. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka, na'urar nan ba ta da laifi."

A gwajin ƙarshe na sanya abin ji a kunne, ni kaɗai nake sauraro. Da farko shiru, can sai koke-koken mata da salati, sai wata tsohuwa ta rangaɗa ihu, "Ya cika! Wayyo, Rabi ba ta nan, ku kira Rabi!" Na fizge abin daga kunnena, wallahi gida tsit, tsoho yana jan carbi yana kallona.

Hajiya ta ce, "Injiniya, me ka ji?"

Ta yaya zan faɗi wannan a gaban mutum yana zaune da ransa? Na ce, "Katin ne ya lalace, Hajiya, sai Litinin in kawo sabo." Na goge abin da aka naɗa. Ta ce to gobe za ta koma Kaduna, aiki ya taru mata a ofis, sai Litinin ɗin ta dawo. Tsoho ya ce a hankali, "Rabi, da kin ƙara kwana biyu." Ta ce, "Haba Baba, Litinin ai kamar yau ne." Ina ji, na sunkuyar da kai ina naɗe wayoyina.

Ran Asabar da hantsi zuciyata ta ƙi kwanciya, na ce bari in je in gaishe shi. Ban gama kafe babur ba na ji ihun nan daga cikin gida, muryar nan ce, kalmomin nan ne, ko harafi bai canza ba. Kafin Hajiya ta iso an riga an yi masa sutura. Da na je ta'aziyya ta ce, "Injiniya, ko kalma ɗaya ba ta kamu ba?" Na ce babu. Har yau ba ta san abin da na ji ba, kuma duk sanda zan sa abin ji a kunne sai tsigar jikina ta tashi.

Ni dai ban san mene ne ba, Allah ya bar wa kansa sani. Amma in tsoho ya ce muku ku ƙara kwana, don Allah ku ajiye jaka ku zauna.