Tallan Maganin Suga da Rabi Ta Ji a Rediyo

Mushe Idirisu, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, ya rasu bara bayan kaka, kuma har yau in aka ambaci sunansa a Damagaram, abin da ake fara cewa shi ne malamin nan da ya koyar da ilimin talla a jami'a. Matarsa Hajiya Rabi takan ji ana faɗa. Ita ta san shi tun bai da ko keke.

Ɗan Droum ne, ɗan manomin gyaɗa. Tun yana ƙaramin lakwal, wato firamare, shi yake kai wa uwarsa ƙuli-ƙuli kasuwa, kuma ba ya dawowa da ko guda. Ba ya kiran a saya. Sai ya tsaya gaban mai shan garin rogo ya tambaye shi ko haka zai shanye ba abin taunawa. Ya yi lise, wato sakandare, a nan Damagaram da ake kira Zinder, ya wuce Yamai, ya ƙaro karatu a waje. Da ya dawo Zinder ya kama aiki a gidan rediyo, yana tsara tallan sabulu da taki da gidan sauro, lokacin ne ya auri Rabi. Da aka buɗe jami'a a garin aka kira shi koyarwa, ya zauna a nan har ya yi furfura.

Rabi ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba, amma ba ta taɓa sakin jiki da maganarsa ba. In yana son tuwon dawa ba ya cewa a yi masa, sai ya yi ta yabon na maƙwabta har ta ga kanta ta ɗora tukunya. Ta kuma san hannunsa a talla: yakan fara da tambaya, ya bar ɗan shiru, sannan muryar tsohuwa ta amsa.

Wata rana wasu mutane suka zo da mota, suka zauna da shi a zaure. Wani ruwan magani suke sayarwa a kwalba, wai yana raba mutum da ciwon suga har abada. Rabi ta aika da abinci, tana jiyo dariyarsa daga tsakar gida. Da suka tafi ta tambaye shi.

Ya ce, "Na sallame su, Rabi. Ni ba na tallan abin da ba zan ba ɗana ba."

"To dariyar fa, Malam?"

"Baƙi ne. Kuka kike so in yi musu?"

Ba a yi nisa ba, tana tankaɗe da hantsi, rediyo ta yi tambaya: "Har yaushe za ki yi ta haɗiyar ƙwaya?" Aka yi shiru. Sai ga muryar tsohuwa: "Ni dai na daina." Rabi ta ajiye rariya. Da ya dawo daga jami'a ko ruwa ba ta bari ya sha ba, ta tare shi da maganar tallan kwalbar.

Ya ce ba shi ba ne. Ya ce ɗaliban da ya yaye sun cika gari, kowa ya ɗauki salonsa. Ya faɗi haka da natsuwa, yana kallonta ido cikin ido, kuma natsuwar ce ta fi damunta.

Ƙanwarta Zara, da ke aure a Gaffati, ta daɗe da ciwon suga. Ta ji tallan, ta bar maganin likita, ta koma wa kwalba. Kafin labari ya iso wa Rabi, wani ɗan ƙurji a ƙafar Zara ya zama gyambo. Aka kawo ta asibiti a Zinder, aka yanke ƙafar daga gwiwa.

A ranar nan Mushe Idirisu bai ci abinci ba. Ya sa babbar riga ya hau kabu-kabu, ya ce zai je wajen Mahamud, wani tsohon ɗalibinsa da ke tsara tallace-tallace a gari. Ya dawo da la'asar. Bayan ɗan lokaci aka daina jin tallan. Shi ya riƙa kai Zara wankin ciwo, shi ya samo mata sandunan dogarawa. Mutane suna ta sa masa albarka. Rabi kuwa tana kallo, ta kasa gane ko tausayi ne ko kuwa wani abu ne yake cinsa.

Ya ajiye aiki ba da daɗewa ba. Hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu cikin mako guda.

Ranar sadakar uku Mahamud ya zo gaisuwa. Rabi ta sa aka kira shi cikin gida, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta.

Ta ce, "Mahamud, tsakaninka da Allah, wa ya tsara tallan nan?"

"Ni ne, Hajiya. Allah ya yafe mini."

"Ba hannunsa a ciki?"

Ya ce, "Na karanta masa shi a biro, can ofishinsa, kafin a sa a rediyo. Na ce gwaji nake yi. Ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce tsohuwar kada ta yi dogon bayani."

"Ya san na mutanen kwalba ne?"

Mahamud ya sunkuyar da kai. "Bai tambaye ni ba, Hajiya."

Zara tana zaune a gefe kan tabarma cikin masu karɓar gaisuwa, ta ji komai. Ta ce, "Yaya, bar shi haka nan. Mutum ya riga ya tafi."

Rabi ta ce wa Mahamud ya tashi ya je, ta gode. Bai kai zaure ba ta sake kiransa, ya juyo ya tsaya. Ta dube shi kamar za ta sake tambaya, sannan ta fasa, ta ce ba komai, ya gai da gida.